Yadda Ake Horar da Matashin Kare Kamun Zomo da Dare

Karen da mafarautan Birtaniya da Ayalan suke kira larca ba jinsi ba ne mai zaman kansa. Ruwa-biyu ne, ana samunsa idan aka haɗa kare mai farauta da ido da gudu, irin girehawun ko wifet ko saluki, da karen aiki mai saurin fahimta, irin koli mai kiwon tumaki ko ɗaya daga cikin ƙananan karnukan nan masu shiga rami. A wajen na farko ƙafa ake nema, tunda girehawun yakan kai gudun kilomita 70 a awa guda, a wajen na biyu kuwa ana neman kai da biyayya da dagi mai ƙwari. Babban aikin wannan kare a can shi ne kamun zomo da dare a hasken fitila, mutum ɗaya da karensa ɗaya, a gonar da mai ita ya ba da izini. Dokar farauta ta shekarar 2004 ta hana sakin karnuka a kan yawancin namun daji a Ingila da Wels, har da babban zomon fili, amma ta bar ƙaramin zomon rami da ɓera muddin mai ƙasa ya amince, shi ya sa aikin fitila a can ya tsaya a kan zomon rami.

A cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Alaba Rago da Ikorodu a Legas akwai waɗanda suka taso da farauta a gida, kuma sha'awar ba ta sake su ba. Wani ya sami ruwa-biyu irin wancan, wani kuma ya taho da doguwar karya mai siririn ciki daga Arewa ko daga Nijar, dangin karen Buzaye da ake kira Azawak. Horon duk ɗaya ne, sai dai dole ne mai kare ya san cewa zomon da zai tarar ba irin na Ingila ba ne. Nasu yana zaune a rami cikin dangi, yana fitowa kiwo da dare, idan an kore shi gudunsa gajere ne zuwa bakin rami ko shinge. Namu na daji ba ya haƙa rami, lafewa yake yi a gindin ciyawa, idan ya tashi kuwa sai ya ja kare nesa yana zilliya hagu da dama har numfashin karen ya ƙare. Ga shi kuma dabbar fili ce, ta fi yawa daga yankin Oke-Ogun na jihar Oyo zuwa Kwara har can gida Arewa, alhali a gonakin Epe da Badagry da bayan Ikorodu abin da aka fi cin karo da shi gafiya ce da gyazbi. Saboda haka mazaunin Legas zai yi kusan dukkan horon a nan, amma farautar kirki sai ya fita da karen, ko ya jira lokacin da zai je gida da rani.

Haka nan kada a auna wannan aiki da farautar gayya da muka saba, wadda ake fita da rana da ganga da kulake da karnuka masu yawa. A can ƙaramin kare yana koyo daga manya, haushi ba laifi ba ne, kuma sau da yawa kafin mai kare ya iso an yayyaga naman. Aikin fitila yana son kare mai shiru, wanda ba ya barin gefen ubangidansa sai an sake shi, yana bin haske, yana dawowa da zarar haske ya ɗauke, kuma yana kawo abin da ya kama har hannu. Duk waɗannan halaye da rana ake dasa su, watanni kafin karen ya ga zomo.

Abin farko shi ne amsa kira. Tun kwikwiyo yana da wata biyu ko uku, bayan likitan dabbobi ya fara yi masa allurar rigakafi, ka riƙa kiran sunansa a lokacin da kake ajiye masa abinci, domin ya haɗa sunan da alheri. Daga nan ka ƙara masa siririn fito ko ɗan tsaki, tunda da dare ba a ɗaga murya. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi, ko da ya yi ɓarna, domin karen da aka kira aka daka sau biyu zai koyi tsayawa nesa da hannu, kuma wannan tsayawar ce za ta dawo maka a daji yana riƙe da zomo a baki, yana kewaya ka, ya ƙi matsowa. Irin waɗannan karnuka masu siririn jiki suna da saurin karaya, tsawa ɗaya mai ƙarfi tana iya sa su yini suna raɓe-raɓe. Darasi na minti biyar safe da yamma ya fi na awa guda ranar Lahadi. Wanda ke zaune a gidan haya mai yawan jama'a ya nemi filin ƙwallo ko filin makaranta bayan sallar Asuba, kafin yara da 'yan acaɓa su cika wurin, kuma kada ya fita da kwikwiyo cikin wasu karnuka sai ya kammala allurarsa, wato wajen wata huɗu, har da ta haukan kare wadda ake yi daga wata uku a kuma riƙa sabuntawa.

Sai tafiya a gefe. Ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kansa: idan da hannun dama za ka riƙe fitila, to kare yana hagu, kafaɗarsa daidai gwiwarka, igiya a sake. Duk lokacin da ya ja gaba ka tsaya cik, ko ka juya ka nufi wani wajen, har ya gane cewa ja ba ya kai shi ko'ina.

Kawo abu hannu shi ne inda ya kamata ka fi daɗewa, kuma ga Musulmi dalilin ya wuce na ƙwarewa kawai. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama wa mai shi idan an ambaci sunan Allah, amma malaman Malikiyya sun yi bayanin sharuɗɗa: mafarauci ne zai saki karen da niyya da bisimilla, idan ya tarar da dabbar da sauran ranta bai kuma kai ga mugun rauni ba sai ya yanka, idan kuwa ta mutu a bakin kare to sai in karen ya ji mata raunin da ya fitar da jini. Zomo dabba ce mai rauni, kare mai taurin baki yana iya murƙushe masa haƙarƙari ya mutu ba tare da fata ta huje ba, ka ga an yi asarar nama, an yi asarar rai. Karen da ya koyi riƙo da sassauci yana kawo zomon da ransa, kai kuma ka karɓa ka yanka nan take da wuƙa mai kaifi, ba shubuha, ba kuma doguwar wahala ga dabbar. Wanda yake son ƙarin bayani a kan hukuncin ya zauna da malaminsa kafin ya fara fita.

Ga yadda ake koyarwa. Ka cusa tsumma cikin tsohuwar safa ka ƙulle bakinta, ka zauna a ƙasa a ƙarshen wani lungu ko soro inda kwikwiyon ba shi da hanyar wucewa sai ta wajenka, ka jefa safar taku uku ko huɗu. Zai ruga ya ɗauka, ya dawo neman inda zai kwanta da ita. Kada ka miƙa hannu ka fisge. Ka bar shi ya hau cinyarka da ita a baki, ka shafa ƙirjinsa kana yaba masa, sannan ka sa tafin hannu ƙarƙashin haɓarsa ka ce "kawo", ka zare a hankali. Jifa biyu ko uku sun isa, ka ɓoye safar tun yana marmarinta. Kada a yi wasan ja-in-ja da shi ko kaɗan, kuma ka gargaɗi yaran gida, domin yawanci su ne suke lalata bakin kare da wannan wasa ba tare da mai shi ya sani ba. Tsakanin wata huɗu zuwa shida yana famfara, dasashinsa yana ciwo, idan ya ƙi ɗauka a wannan lokacin ka ƙyale shi har sababbin haƙora su fito. Bayan haka sai ka nemi fatar zomo wajen masu kiwon zomaye, ka shanya ta ta bushe, ka naɗe ta a jikin gorar roba da ka zuba wa yashi, kana ƙara yashin sannu a hankali har nauyin ya kai kilo ɗaya da rabi, domin wuyansa ya saba da nauyin da zai ɗauka. Daga baya ka jefa masa zomon da aka riga aka yanka ya huce. Amma sakin zomon gida mai rai a gaban kare don ya koya, wannan zalunci ne, Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin hari, kuma ba ya koya wa kare komai, tunda zomon keji bai san gudu ba.

Tun yana ƙarami kuma ka raba shi da dabbobin gida. Legas ba ta rasa wurin wannan darasi: kasuwannin raguna, shanun da ke kewayen mayankar Oko-Oba, kaji da awakin unguwa. Ka bi da shi kusa da su a igiya, da zarar ya kafa musu ido ya miƙe kunne ka girgiza igiyar ka ce "bari" da kakkausar murya, idan ya kau da kai ka yaba masa. Ka maimaita har ya riƙa wuce tunkiya kamar bai gan ta ba, sannan ka sake gwada shi da dare, saboda akuyar da ta zabura cikin hasken fitila tana tayar wa kare da abin da ta rana ba ta tayar masa. Karen da ya kashe akuyar manomi ya rufe maka wannan gonar da ta maƙwabta, wataƙila ma ya jawo maka abin da ya fi biyan kuɗi.

Idan kira da kawowa sun zauna, wajen wata takwas zuwa goma, sai a shigo da fitila. Mutanen da suka fara wannan aiki batirin babur suke ratayawa a kafaɗa, yanzu kuwa tocila mai caji da ake samu a Alaba ko Idumota ta wadatar, in dai haskenta tsukakke ne mai tafiya kamar mita ɗari ko fiye, ba mai bazuwa ba, kuma makunninta yana ƙarƙashin babban yatsa. Igiyar saki ba ta da wuya: ka ɗaure bakinta ɗaya a wuyan hannunka, ka zura ɗaya bakin ta zoben abin wuyan kare ka riƙe da yatsu, idan ka buɗe yatsun sai ta zare da kanta. Da magariba ka je filin da kuka saba, ka ajiye gorar nan mai fatar zomo a inda ciyawa take gajere ba tare da ya gani ba, ka dawo ka tsaya taku ashirin, ka haska ta, ka yi ɗan tsakin da zai zama alamar "duba". Idan ka ji igiya ta yi tauri, kansa ya miƙe daidai hasken, to ya gani, ka sake shi. Idan bai gani ba kada ka saki, ka matsa kusa. Abin da kake so ya shiga kansa shi ne duk inda ƙarshen haske ya tsaya akwai abu a wurin. Bayan kwanaki kana iya sa wani ya ja gorar da doguwar igiya domin ta yi motsi.

Rabin darasin na biyu shi ne duhu. Wani lokaci ka haska wurin da babu komai bayan ka sake shi, ko ka sa a fisge gorar a ɓoye, sannan ka kashe fitila ka yi fito. Ya dawo, ka yaba masa kamar ya kamo. Karen da bai koyi wannan ba, idan zomo ya kuɓuce masa sai ya sa hanci ƙasa ya shiga bin sawu cikin duhu, ya tashi duk zomayen da ke filin, kai kuma kana tsaye kana jiransa, a ƙarshe ya faɗa waya mai ƙaya ko tarkon wani ko titi.

Game da lokacin fara farauta ta gaske, a nan ne mafi yawan masu kare suke gaggawa. Ƙananan nau'i masu jinin wifet sukan isa aiki da shekara guda, manya masu jinin girehawun ko saluki sai wata goma sha biyar zuwa goma sha takwas, lokacin da ƙasusuwan ƙafa suka gama ƙwari. Tunda zomonmu mai dogon gudu ne, ni a ganina gara a ƙara wa kowane kare wata biyu ko uku a kan wannan lissafi. Illar gaggawa ba a ƙafa kaɗai take ba. Matashin karen da ya yi ta bin zomayen da suka fi ƙarfinsa, ɗayan biyu ne: ko ya fara haushi yana gudu saboda takaici, ko ya koyi cewa ba ya kamawa, ya riƙa bin zomo taku talatin ya tsaya ya waiwayo ka. Dukkansu biyu da wuya su gyaru idan sun kama.

Kafin daren farko ka je wurin da rana ka taka shi da ƙafarka, ka san inda rijiya take, da ramin yashi, da kututture, da waya, da tarkon da manoma suke ɗana wa gyazbi. Ka nemi izinin mai gona, ka gaida Baale, wato mai garin ƙauyen, ka sanar da 'yan banga ko jami'an tsaro na Amotekun idan a Ogun ko Oyo ne, kuma in da hali ka tafi da ɗan gari. Baƙo mai yawo da fitila da wuƙa a gonar mutane ƙarfe ɗayan dare ba ya samun damar yin dogon bayani idan an tare shi. Kada ka ɗauki bindiga, kada ka kusanci gandun da aka killace. Ka zaɓi daren da babu farin wata, akwai iska, kuma ƙasa ba ta yi tauri ƙwarai ba, ka kuma bar karen ba ci tun rana, saboda gudu da cikakken ciki yana da haɗari ga karnuka masu zurfin ƙirji.

A fili ka fuskanci iska, domin ta kwashe warinku da motsin ƙafarku ta yi baya da su. Kada ka bar fitila a kunne kana tafiya. Ka kunna, ka share filin da ita sau ɗaya, ka kashe, ka ƙara gaba. Za ka koyi karanta idanu: na zomo ja-ja ne, kuma sau da yawa ɗaya za ka gani tunda idanunsa a gefen kai suke, na akuya da tunkiya da kyanwa suna ɗaukar kore, yautai kuma yakan zauna a tsakiyar turba idonsa ja kamar garwashi, ya ruɗi kare da mai kare har sai ya tashi sama. Kada ka saki kare a kan ido kawai sai ka ga jikin dabbar. Wanda kake nema wa matashin kare shi ne zomon da ya lafe, ya kwantar da kunnuwa, yana nesa da duhuwar da zai fake. Ka riƙe shi da haske, ka zagaya ka shiga tsakaninsa da duhuwar, ka matsa a hankali har ya rage taku goma ko ƙasa da haka. Da ya zabura, ka tabbata karen ya gan shi, ka yi bisimilla ka buɗe yatsu. Hasken ya zauna a kan zomon, kada ya koma kan kare, kuma kada ka haska fuskar karen idan sun juyo wajenka, domin za ka makantar da shi na ɗan lokaci yana cikin gudu. Idan zomon ya nufi waya ko titi, ko ya shige ciyawa mai tsawo, kashe fitila ka kira.

Idan Allah ya sa ya kama, kada ka ruga wajensa da ihu. Ka kashe fitila, ka durƙusa, ka kira shi da muryar da kake kiransa a soro. Wani karen zai ɗan yi kewaye da kamunsa na farko, ka ba shi baya ka fara tafiya, zai biyo ka. Ka karɓa kamar yadda kake karɓar safa, ka yanka, ka sa a jaka, sannan ka yabe shi sosai. A daren farko saki biyu ko uku sun isa, kuma idan ya kama a na farko, mafi kyau ku juya gida a kan wannan nasara. Idan akwai mai tsohon kare ƙwararre, ka bar naka a igiya ya kalli saki biyu, amma kada a sake su tare, saboda karo a cikin duhu yana karya ƙafa, kuma kare biyu a kan zomo ɗaya ja-in-ja suke koya. Gyazbi kuwa ka nisanta matashin kare da shi a shekarar farko, haƙoransa suna tsaga leɓe, kuma karen da aka cija yakan koma murƙushe duk abin da ya kama.

Zafin Kudu ma abin lura ne, domin kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, iska mai laima irin ta Legas kuwa ba ta taimakonsa ko da dare. Ka tafi da ruwa, ka huta da shi bayan kowane gudu har numfashinsa ya daidaita. Idan ka ga harshensa ya yi faɗi ya yi ja ƙwarai, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya suna tangaɗi, to aiki ya ƙare: ka jiƙa masa ciki da hammata da cinyoyi da ruwa mai sanyi, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, ka nemi likita. Watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya sauko, su ne suka fi dacewa.

Da kun dawo gida ka haska dagoginsa ɗaya bayan ɗaya, ka buɗa tsakanin yatsu ka nemi ƙaya da tsagewa da karyayyen farce, ka wanke kowane rauni da ruwan gishiri, ka shafa jikinsa ka cire kaska tun ba ta kafe ba, musamman cikin kunne da ƙarƙashin abin wuya. Idan bayan kwanaki ya daina ci, dasashinsa ya yi fari, ko idonsa ya yi hazo, kada ka tsaya maganin gida, domin zazzaɓin kaska da sammoren da tsando ke kawowa duk suna kashe kare a wannan yanki. Ka ba shi abinci bayan ya huta kamar awa guda, kada ka ba shi ɗanyen kayan cikin zomo saboda tsutsar ciki, kuma ka bar shi ya yi kwana biyu ko uku yana hutawa kafin ku sake fita.